Inuwa Jagaban Ƙofofi da Zumunta ta Asali

In ka tambayi masu gadin Sharada wa ya fi kowa baki a cikinsu, ba sai sun yi shawara ba, Inuwa za su ce maka. Shekararsa goma sha huɗu yana tsaron get ɗin wani kamfanin robobi, kuma a faɗarsa ya taɓa kama ɓarayi bakwai shi kaɗai, da tocila da takalmi wari ɗaya. Waɗanda aka yi abin a gabansu sun ce ɓarawon guda ne, shi ma da kansa ya faɗa kwata. Amma Inuwa ya fi su murya, saboda haka bakwai ɗin ce ta zauna.

Masu gadin Bompai da Sharada da Challawa suna da wata tsohuwar ƙungiya mai suna Zumuntar Masu Gadi, Musulmi da Kirista duk a ciki. Lahadin farko ta kowane wata suke haɗuwa, bayan 'yan coci sun taso, masu salla sun yi azahar, a tsohon ɗakin cin abinci na wata masaƙa da ta daɗe da rufewa a Bompai. Junansu suna kira ɗan'uwa, shugabansu kuma Babban Yaya. Babban amfaninta ɗaya ne: in ciwo ya kwantar da ɗan'uwa, ko uzuri ya taso masa, wani zai je ya riƙe masa get don kada a sallame shi. Babban Yayan shi ne Baba Bitrus, wani dattijo mutumin Kagoro, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Fitina ta faro ne daga ranar da kamfani ya tura Inuwa kwas na kwana uku. Ya dawo da satifiket da usur, ya kai satifiket ɗin aka sa masa gilashi. Da Lahadin taro ta zo, tun ba a gama gaisawa ba ya miƙe.

"Babban Yaya, ina da gyara."

"Muna jin ka, ɗan'uwa," in ji Baba Bitrus.

"Na farko, kalmar nan mai gadi ta mutu. A kwas an gaya mana mu jami'an tsaron ƙofa ne."

"To in Alhaji ya danna hon ya ce mai gadi, sai ka ƙi buɗewa?"

"Zan buɗe, amma a matsayin jami'i. Na biyu, don me ake cewa Bompai uwa, Sharada da Challawa reshe? Ina kuka taɓa ganin uwa da reshe? Uwa 'ya'ya gare ta, bishiya ke da reshe. Ko dai ku zama kututture, ko mu zama 'ya'ya, mu kuwa ba 'ya'yan kowa ba ne."

Sila, wani mai gadin kamfanin fatu a Challawa, ya ce, "Mu dai a bar mu a reshe, ko ba komai muna shan iska."

Aka yi dariya. Inuwa ya ƙara ɗaure fuska.

"Na uku, wa ya naɗa ku? Ina takardarku?"

Baba Bitrus ya ce, "Mu shida muka kafa ta a gindin dalbejiya, lokacin kana yawo ba wando. Huɗu sun riga mu gidan gaskiya. Takarda kam ba mu yi ba."

"Kun ji da kunnenku!" Inuwa ya ɗaga satifiket sama. "Ƙungiyar da ba ta da takarda ta bogi ce. Ga asali nan a hannuna. Duk mai son gaskiya ya biyo ni."

Ya fita a fusace ya buga ƙofa. Ba wanda ya motsa. Can sai ga shi ya dawo, ya bi ta tsakiyar mutane ba ko kallo, ya janyo kekensa da ya jingine a lungu, ya sake fita ya sake buga ƙofar.

A gida, a Dorayi, ya tarar da matarsa Mas'uda tana tsince shinkafa. Ya tsaya a kanta ya ce, "Daga yau ki san da wa kike zaune. Na kafa Ƙungiyar Jami'an Tsaron Ƙofa ta Asali."

"Ma sha Allah. Ku nawa ne, Baban Firdausi?"

"Yanzu dai ni ne."

"To ai taro ba zai yi muku wuya ba."

Kashegari ya je wurin Uba mai fenti a bakin titin Sharada ya ba da aikin allo, ya ce a yi rubutun manya-manya yadda direban tirela zai karanta ba tare da ya taka birki ba. Ranar Laraba ya karɓo ya kafa a jikin ɗakin gadinsa, ya ja kujera ya zauna a ƙasan allon yana jiran gaisuwa. Da aka tashi 'yan aikin safe, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya, ya ɗaga kai, ya toshe baki. Inuwa yana ta ɗaga musu hannu. Sai da wata mai sayar da awara ta karanta da ƙarfi, tana bin baƙi ɗaya bayan ɗaya: "Ƙungiyar... Jami'an... Tsoron... Ƙofa."

Inuwa ya waiga a razane. Tsoron ne kuwa, da jan fenti.

"Malam Inuwa, cizo take yi ne, ƙofar?" in ji wani lebura.

"Jahilci dai bai yi ba. Tsoron da ɓarawo zai ji ake nufi."

Duk da haka, kafin la'asar ya cire allon ya mayar wa Uba. Uba ya ce shi abin da ya gani a takarda ya rubuta, ya fito da takardar, rubutun Inuwa ne da hannunsa. Inuwa ya ce biron ne ba shi da kyau.

Neman mutane ya ba shi wahala, har sai da ya gano dabara: ya yi shela cewa a ƙungiyarsa ana cin dafa-duka duk taro, kuma kowa yana da sarauta. Cikin mako biyu ya tara mutum goma. Shi ya zama Jagaban Ƙofofi. Ya naɗa Mataimaki, ya naɗa Na'ibi, ya naɗa Waziri, har da Sarkin Kwaɗo da Magajin Sakata. Ya samo ragowar jan yadi daga wani kamfanin rini, aka yanka wa kowa ɗamara ta ratayawa a kafaɗa.

Taronsu na farko a tsakar gidansa aka yi, kuma a tsaye, don ba a sami wanda zai ɗauko benci ba. Kowa ya ce ya fi ƙarfin ɗaukar benci. Mataimaki ya ce shi ne na biyu. Na'ibi ya ce na'ibi Larabci ne, Larabci kuwa yana gaba da Hausa. Waziri ya ce su biyun duk 'yan aike ne. Aka kai ga cin kwala, zufa ta karyo, jan yadin nan ya fara zuba a kan fararen riguna. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, wata tsohuwa ta rafka salati ta ce an yanka mutum a gidan Inuwa.

Mutum ɗaya ne bai sa baki ba, Isyaku, wani dogon mutumin Damagaram da ke gadin wani sito. Isyaku bai iya wasa ba. Abin da aka ce masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi. An ce ya taɓa hana mai kamfaninsu shiga don ya manto katinsa a gida. Shi Inuwa ya naɗa Sarkin Ƙofa.

Saura ɗakin taro. Inuwa ya ce ƙungiyar asali ba ta zama a tsakar gida, ɗakin Bompai haƙƙinsu ne. Makullin yana hannun Hajiya Fanna, matar marigayi mai masaƙar, ita ke ba Baba Bitrus duk wata. Inuwa ya wanke rigarsa ya tafi gidanta a Nassarawa da satifiket a hammata.

"Ranki ya daɗe, waɗanda kike ba makulli 'yan bogi ne. Mu ne na asali."

Hajiya ta dube shi ta saman tabarau. "Yaushe kuka kafu?"

"Sati uku ke nan."

"Su kuma shekara talatin. Ikon Allah, ashe ɗa kan girmi ubansa. To ba na yanke hukunci da jin baki ɗaya. Ran Lahadi zan sa a buɗe ɗakin tun hantsi, ni ma zan zo da kaina in ga masu asalin. Wanda na gamsu da shi, makulli nasa ne."

A hanyar gida Inuwa ya ƙulla dabarar da ya ce ko a kwas ba a koyar da irinta. Mutanensa za su riga kowa shiga ɗakin. Isyaku zai tsaya a ƙofa. Ba mai wucewa sai ya raɗa masa kalmar sirri a kunne. 'Yan bogi za su yi cirko-cirko a rana, Hajiya ta zo ta gani da idonta.

Ya kira Isyaku ya ce, "Ka ji da kyau. Ko ubana ne ya taso daga kabari, in bai faɗi kalma ba, kada ka bar shi."

"Na ji," in ji Isyaku.

Kalmar farko, ta ranar Laraba, ita ce "zaki ba ya barci". Ranar Alhamis ya ga ta yi sauƙi, ya mayar da ita "zaki ba ya barci sai dai ya runtsa". Ranar Juma'a ya zargi Na'ibi da surutu, ya canza zuwa wata magana a kan kura. Ranar Asabar da yamma wata sabuwa ta faɗo masa, ya ce Mas'uda ta fita daga ɗaki don wannan sirrin maza ne, ya ɗauki waya ya yi saƙon murya, da muryar nan tasa da ake ji har bakin layi, ya tura wa Isyaku, ya kuma tura guruf. Bai duba wane guruf ba. Na tsohuwar Zumunta ne, wanda har yau bai fita daga ciki ba.

Matsala ɗaya ta rage: ran Lahadin shi ke da aikin rana. Ya nemi wanda zai riƙe masa get a cikin mutanensa. Waziri ya ce waziri ba ya gadi. Magajin Sakata ya ce shi sakata ya gada, ba get ba. Inuwa ya ce ba komai, Lahadi ba mai zuwa. Ya datse get da kwaɗo, ya kunna rediyo a ɗakin gadi, ya ɗora hularsa a kan kujera yadda za a hango ta taga, ya zura makullai a aljihun wando ya kama hanyar Bompai.

Ya shigar da mutanensa, ya kafa Isyaku a ƙofa, sannan ya ɗauki A Daidaita Sahu ya tafi Nassarawa don ya rako Hajiya da kansa. Duk hanya yana ba ta labarin ɓarayi bakwai, kafin su iso sun zama tara.

Da suka sauka, bai ga kowa a rana ba. Kekuna da babura dai ga su nan jere, ɗakin kuma cike da hayaniya. Ta taga ya hango Baba Bitrus zaune a kujerarsa ta kullum.

"Isyaku! Wa ya bar waɗannan suka shiga?"

"Sun faɗi kalma."

"Dukkansu?"

"Su arba'in da ɗaya. Ba wanda ya yi kuskure."

Sila ya leƙo ya gaida Hajiya, ya matso ya yi mata raɗa. Ita kuma ta yi wa Isyaku raɗa, ya kauce ta wuce. Inuwa ya bi bayanta, sai ya ji hannu kamar katako a ƙirjinsa.

"Kalma," in ji Isyaku.

"Kai, ni ne fa. Jagaba."

"Na sani. Kalma."

Inuwa ya yi tsaki ya miƙa baki. "Zaki ba ya barci."

"Ta Laraba ce."

"Sai dai ya runtsa."

"Ta Alhamis."

"Kura... kura ta ga... wani abu dai na kura."

"Ta Juma'a ce, ita ma ba ka kawo ta daidai ba."

Ya laluba wayarsa don ya saurari saƙon, sai ya tuna da hannunsa ya goge shi, don kada sirri ya fita. Ana haka sai ga Mas'uda ta sauka da babbar tukunyar dafa-duka. Ta yi wa Isyaku raɗa, ya kauce.

"Mas'uda! Ke ma kin sani? Gaya mini!"

"Ai sirrin maza ne, Baban Firdausi," ta ce, ta shige.

Masu rake da masu faci na bakin titi sun fara taruwa. Inuwa ya gyara ɗamara ya ce musu gwada Sarkin Ƙofa yake yi, kuma ya ci jarrabawa. Daga nan ya sulale ya zaga baya. Tsohon kicin ɗin masaƙar ba rufi ba ƙofa, kuma akwai wata 'yar taga da ake miƙo wa ma'aikata abinci ta cikinta zuwa ɗakin. Ya auna ta da ido, ya ce ya wuce wadda ta fi ta ƙanƙanta lokacin da yake bin ɓarayi. Ya taka bulo, ya zura kai, ya zura hannuwa, kafaɗu suka wuce da ƙyar. Da aka zo kan tumbi, magana ta ƙare. Bulon ya goce. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

Mutum hamsin da wani abu suka waigo suka ga Jagaban Ƙofofi ya tsiro daga bango, ƙafafunsa kuma suna can waje suna harbin iska.

"Assalamu alaikum," in ji Inuwa, don bai san abin da zai ce ba.

Ɗakin ya kece. Har Hajiya Fanna sai da ta cire tabarau ta share hawaye. Mas'uda ta zaga baya don ta ja shi, sai waya ta hau ruri a aljihun wandonsa. Ta zaro ta amsa. Muryarta ta shigo ta gefen haƙarƙarinsa, kuma babu wasa a cikinta.

"Baban Firdausi, manajanku ne. Wai tirelar kaya ta iso ta tare hanya, ya yi ta magana da hularka ba ta amsa ba. Ya ce in ba a buɗe get nan da awa ɗaya ba, kada ka koma."

Dariya ta tsaya. Kowa a ɗakin ya san abin da sallama take nufi ga mai 'ya'ya biyar a gidan haya. Inuwa ya dubi mutanensa. Waziri ya sunkuyar da kai, Na'ibi ya hau gyaran igiyar takalmi.

Sila ya miƙe ya ce, "Babur ɗina yana waje. Amma dokarmu, ɗan'uwan da ke cikin Zumunta ake riƙe wa get. Wannan yana ciki ne ko yana waje?"

"Yana ciki mana, ga kansa nan," in ji wani.

"Kai ba shi ne mutum ba. Doka cewa ta yi wanda ya zauna a taro. Abin zamansa yana waje."

"To ai da baki ya fita daga Zumunta, bakin kuwa ya dawo."

"Bakin ya dawo, amma bai janye bogi ba!"

"A kira shi rabin ɗan'uwa, a riƙe masa rabin get."

Inuwa yana rataye, jini ya taru masa a fuska, amma da ya ji haka sai da ya ɗaga yatsa. "Gyara. Ba a cewa rabin ɗan'uwa. A kwas..."

"Rufe mana baki!" in ji Mas'uda daga bayan bango.

Baba Bitrus ya ɗaga hannu. Ya ce, "Sila, karɓi makullai wurin maiɗakinsa ka tafi. 'Ya'yansa ba su kira kowa bogi ba. Mu kuma sai mu yanke: ciki za a jawo shi, ko waje za a tura shi?"

Kafin a fara ɗaga hannu an ji tashin babur ɗin Sila. Masu cewa ciki suka yi rinjaye, har da Waziri da Na'ibi, waɗanda tuni suka cusa ɗamarunsu a aljihu. Aka kwaso man da ya taso a saman dafa-duka aka shafe masa kwiɓi. Mutum huɗu suka kama hannuwa, Mas'uda da masu faci biyu suka tura ta baya. A ja na uku ya fito fit, ya zube a gaban Hajiya Fanna da shi da guntun katakon tagar.

Hajiya ta buɗe jaka ta miƙa wa Baba Bitrus makulli. "Riƙe shi gaba ɗaya, ba sai ka riƙa dawo mini da shi ba. Tagar kuma a gyara."

Inuwa ya miƙe, ya kakkaɓe riga, yana ƙamshin albasa. Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku dai shaida, ban shigo ta ƙofarku ba."

"Mun shaida," in ji Baba Bitrus. "Zauna, ɗan'uwa, a zuba maka."

Bai kai ga benci ba ya ji an kama damtsensa. Isyaku ne.

"Wanda bai faɗi kalma ba, bai shigo ba."

Baba Bitrus ya roƙa, Hajiya ta sa baki, Isyaku ya ce shi wanda ya kafa masa doka ne kaɗai zai iya sauke ta, kuma sai daga cikin taro, mai dokar kuwa bai shigo ba tukuna. Haka ya tasa Inuwa gaba har waje. A kan dakali Jagaban Ƙofofi ya ci shinkafarsa, a murfin tukunya, yana gaya wa mai rake cewa a ƙa'idar tsaro ta zamani, shugaba ba ya cin abinci wuri ɗaya da mabiya.